Yadda Ake Bin Sawun Yarjejeniyar Kasuwanci Tun Daga Teburin Tattaunawa Har Zauren Majalisar Tarayya

Tun bayan hayaniyar da ta tashi kan yarjejeniyar Samoa a watan Yulin 2024, wato yarjejeniyar haɗin gwiwa tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka da Caribbean da Pacific wadda Najeriya ta sa wa hannu, tambaya ɗaya ce ke ta maimaituwa a saƙonnin masu karatu, musamman shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na manoma da kuma matasan ƴan jarida: ta yaya mutum zai san abin da gwamnati ke shirin rattaba wa hannu da sunan ƙasa, kuma ta wace ƙofa zai bi ya sa Majalisar Tarayya ta saka ido a kai? Ga yadda ake yi a Najeriya, daki-daki. A kiyaye jerin matakan kamar yadda suka zo, domin akasarin waɗanda na ga sun sha wahalar banza sun fara ne da kai ƙorafi gaban sanata alhali ba su ma san inda yarjejeniyar ta kwana ba.

Kafin ka fara, ka tanadi waya ko kwamfuta mai intanet, da kwafin Kundin Tsarin Mulki na 1999, da Dokar Ƴancin Samun Bayanai ta 2011 wadda aka fi sani da dokar FOI, da kuma dokar 1993 da ta tsara yadda ake ƙulla yarjejeniyoyi da ƙasashen waje. Ana samun dukansu kyauta a intanet. Ka sayi fayil guda da ɗan ƙaramin littafi na rubuta kwanan wata, saboda rabin wannan aiki ƙidayar kwanaki ne. Sannan ka nemi mutum ɗaya da ya iya karanta Turancin lauyoyi, ko da ɗalibin shari'a ne ɗan aji huɗu, wanda zai riƙa zama da kai.

1. Gano zangon da yarjejeniyar take

Yarjejeniya tana bin zango huɗu. Na farko shi ne tattaunawa, wadda jami'an ɓangaren zartarwa ke yi a ɗaki rufe, kuma a nan sirri ya fi kauri. Na biyu sa hannu, wanda ke nuna ƙasa ta yarda da rubutun da aka cimma. Na uku tabbatarwa, wato lokacin da ƙasa ke miƙa takardar da ke cewa ta ɗaure kanta a idon duniya. Na huɗu mayar da ita dokar cikin gida, kuma a wannan zango ne kaɗai Kundin Tsarin Mulki ya wajabta a bi ta hannun ƴan majalisa. Sashe na 12(1) ya ce babu wata yarjejeniya tsakanin Tarayya da wata ƙasa da za ta sami ƙarfin doka sai gwargwadon abin da Majalisar Tarayya ta zartar.

Dubi yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka, AfCFTA. An buɗe sa hannu a Kigali ranar 21 ga Maris 2018, Najeriya ba ta sa ba. Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a Yamai ranar 7 ga Yuli 2019, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da tabbatarwa ranar 11 ga Nuwamba 2020, aka miƙa takardar ga Tarayyar Afirka a farkon Disamba, sannan aka ayyana fara ciniki ranar 1 ga Janairu 2021. An taka zango uku ke nan kafin ƴan majalisar dokoki su yi wata doka a kai. Abin lura kuma shi ne jinkirin nan na kusan wata 16 ya samu ne domin ƙungiyar masu masana'antu ta MAN da ƙungiyar ƙwadago ta NLC sun tayar da jijiyar wuya tun kafin a sa hannu. Da sun bari sai bayan an tabbatar, da ihu bayan hari suka yi.

Hattara: a labaran rediyo da na jarida, jimlar "majalisa ta amince" tana ruɗa jama'a ƙwarai, domin da Hausa majalisa muke ce wa taron ministoci da shugaban ƙasa ke jagoranta, majalisa kuma muke ce wa zauren sanatoci 109 da wakilai 360. Kada ka rubuta komai a littafinka sai ka tabbatar wace majalisar ake nufi.

2. Tantance rukuninta

Dokar 1993 ta kasa yarjejeniyoyi gida uku. Akwai waɗanda ke kafa sabuwar doka ko su gyara wadda ake da ita, kuma su dole ne a mayar da su doka. Akwai waɗanda ke ɗora wa ƙasa nauyin kuɗi ko na siyasa ko na zamantakewa, ko suka shafi kimiyya da fasaha, waɗanda tabbatarwa ake buƙata a kansu. Akwai kuma na musayar al'adu da ilimi, waɗanda ba sa buƙatar tabbatarwa. A aikace Majalisar Zartarwa ce ke tabbatarwa, saboda haka duk abin da aka jefa rukuni na biyu yana iya ɗaure ƙasa ba tare da ya taɓa shiga zauren ƴan majalisar dokoki ba. Ka zauna da mai karanta maka, ku nemo duk wurin da yarjejeniyar za ta tilasta a sauya wata doka ta kwastan ko ta haraji ko ta rajistar sana'a, domin wannan ita ce hujjarka ta cewa rukuni na farko take.

Hattara da takardar fahimtar juna. Sau da yawa ana ba yarjejeniya wannan suna don a ce ba ta ɗaure kowa ba, amma abin da ke cikinta yana iya zama tsanin sauya manufa. A watan Fabrairun 2024, bayan Najeriya da Birtaniya sun sa hannu kan shirin haɗin gwiwar kasuwanci da zuba jari, wata sanarwar gwamnati ta nuna kamar lauyoyin Birtaniya za su iya aiki a Najeriya. Ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta tashi tsaye nan take, ministar kasuwanci ta lokacin, Doris Uzoka-Anite, ta fito ta janye maganar.

3. Nemi rubutun a waje kafin ka nema a gida

Wannan mataki ne da mutane ke tsallakewa, alhali shi ya fi arha, kuɗin data kawai yake ci. Yarjejeniya tana da ɓangare biyu ko fiye, kuma sau da yawa ɗaya ɓangaren ya riga ya wallafa abin da ake ɓoye maka a Abuja. Idan da Tarayyar Turai ce, duba rumbun dokokinta na EUR-Lex. Idan da Birtaniya ce, duba shafin gwamnatinta. Yarjejeniyoyin kare masu zuba jari suna shafin hukumar UNCTAD ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na ciniki tsakanin ƙasashe suna rumbun Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, na AfCFTA kuma suna shafin Tarayyar Afirka da na sakatariyarta da ke Akara, sannan cibiyar tralac ta Afirka ta Kudu tana tattara su da bayani mai sauƙi.

Darasin Samoa ya isa misali. An buɗe sa hannu a Apia, babban birnin ƙasar Samoa, ranar 15 ga Nuwamba 2023, Najeriya ta sa nata a Brussels ranar 28 ga Yuni 2024, kuma cikakken rubutun yana intanet tun kafin hakan. Duk da haka aka kwashe makonni ana musu a kan abin da ke ciki, mafi yawan masu musun ba su buɗe shafi ɗaya ba. Duk wanda ya je gaban kwamitin majalisa da jita-jitar WhatsApp, jami'in ma'aikata zai kayar da shi da tambaya ɗaya tak: a wane sashe aka rubuta haka?

Idan ba ka samu a waje ba, dokar 1993 ta sanya Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya ta zama ma'ajiyar yarjejeniyoyin ƙasa, tana riƙe da rajistarsu, kuma jama'a na da damar dubawa bayan biyan ɗan kuɗi kaɗan.

Hattara: ka tabbatar ka sauke rataye da jadawalin da ke biye da babban rubutun. Babban rubutun yawanci kalamai ne masu daɗi na zumunci da haɗin kai, ainihin abin da zai taɓa aljihunka yana can baya cikin jadawali mai ɗaruruwan shafuka.

4. Karanta wuraren da ke cizo

Ba sai ka karanta komai ba. Ka fara da nemo lambar kayanka a tsarin lambobin kwastan na duniya, wanda duk wani kiliyarin ejan ya sani. Shinkafa tana ƙarƙashin 1006, ɗanyen tumatir 0702, tumatirin gwangwani 2002, riɗi 1207.40, citta tana cikin 0910, yadin auduga irin wanda ya cika Kantin Kwari yana farawa daga 5208, fatu da ƙiraga kuma suna babi na 41. Da wannan lamba za ka buɗe jadawalin haraji ka ga abin da aka yi alkawari a kan kayanka. Harajin bai-ɗaya na ECOWAS, wanda ya fara aiki a 2015, yana da matakai biyar: sifili, da kashi 5, da 10, da 20, da 35 cikin ɗari. A AfCFTA an yarda a janye haraji a kan kashi 90 cikin ɗari na nau'o'in kaya, kashi 7 a ba su ƙarin lokaci a matsayin kaya masu rauni, kashi 3 kuma a ware su gaba ɗaya. Tambayar mai sarrafa shinkafa a Kano ko mai noman tumatir a Kadawa ita ce a wane gida cikin ukun nan aka saka lambarsa, kuma wa ya yanke hakan.

Bayan jadawali, ka duba ƙa'idar asalin kaya. Ita ce ke fayyace ko yadin da aka saƙa a Asiya, aka sauke a wata tashar jiragen ruwa ta maƙwabta, aka naɗe shi a sabuwar leda, zai iya shigowa a matsayin kayan Afirka. A ganina wannan sashe ya fi jadawalin haraji kansa haɗari ga masu masana'antu, kuma shi ne aka fi yi wa karatun tsallake.

Sai sashen warware rikici, wanda ya kamata ka zauna a kansa sosai. Ka duba ko an ba kamfanin waje damar kai gwamnati ƙara gaban masu sasanci a wata ƙasa, da inda za a yi zaman, da kuma ko ƙasa ta sarayar da kariyar kadarorinta. Kamfanin Zhongshan na China ya sami saɓani da gwamnatin jihar Ogun kan wani yankin ciniki maras haraji, ya shigar da ƙara a ƙarƙashin yarjejeniyar kare jari da Najeriya da China suka sa wa hannu a 2001, masu sasanci suka ba shi kusan dala miliyan 70 a 2021, kuma a watan Agustan 2024 aka wayi gari wata kotu a Faransa ta ba da umarnin riƙe jiragen fadar shugaban ƙasa guda uku. Sashe ne na ƴan layuka da aka rubuta shekara ashirin da ƴan kai kafin nan.

A ƙarshe ka nemo sashen fara aiki na wucin gadi, wanda ke ba da damar a soma aiwatarwa kafin a kammala tabbatarwa, da sashen ficewa, da na sake dubawa. Ka rubuta lambar kowane sashe a littafinka tare da fassararsa da Hausa cikin jimla ɗaya, domin da ita za ka yi wa mambobin ƙungiyarka bayani.

5. Rubuta wasiƙar neman bayani

Abin da ba ka samu ba, ka neme shi a rubuce ƙarƙashin dokar FOI. Hukumomin da za ka tunkara su ne Ofishin Tattaunawar Kasuwanci na Najeriya, wato NOTN, wanda aka kafa a 2017, da Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari, da Ma'aikatar Shari'a, da ta Harkokin Waje, sai Ma'aikatar Kuɗi idan maganar ta shafi haraji ko bashi. Da Turanci ake rubutawa, a sa wa Babban Sakatare ko shugaban hukumar, a kuma ambaci dokar a kan wasiƙar. Sashe na 1 ya ce ba sai ka bayyana dalilinka na nema ba, saboda haka kada ka cika takarda da tarihin ƙungiyarka. Wanda bai iya rubutu ba yana iya nema ta hannun wani, kamar yadda sashe na 3 ya tanada.

Ka ambaci takardu da sunansu. Wasiƙar da ta ce "duk bayanan da suka shafi yarjejeniyar" tana ba jami'i damar ya aiko maka da sanarwar manema labarai ya ce ya amsa. Ka nemi rubutun da aka sa wa hannu da ratayensa, da jadawalin harajin da Najeriya ta miƙa, da rahoton nazarin tasirin yarjejeniyar ga tattalin arziki, da jerin ƙungiyoyin da aka tuntuɓa tare da ranakun tarukan, da kwafin takardar tabbatarwa idan an kai nan. Shawarata ita ce ka raba wasiƙun gida biyu. Takardun da babu wata gardama a kansu, kamar jerin tarukan tuntuɓa, su tafi a wasiƙa ɗaya. Masu zafi, kamar daftarin da ake kan tattaunawa, su tafi a wata. Idan ka gwama su, ƙin bayar da ɗaya zai riƙe sauran.

Ka buga kwafi biyu, ka kai da hannu ofishin karɓar wasiƙu, ka tsaya sai an buga hatimin karɓa mai kwanan wata da sa hannu a kan naka kwafin. Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure a wata ma'aikata. Na tarar mai hatimin ya fita salla, wani ma'aikaci ya karɓi wasiƙar da fara'a ya ce in tafi kawai zai shigar, ni kuma ina sauri in kama mota. Da na dawo bayan mako biyu aka buɗe babban littafin rajista a gabana, aka bi layi-layi da yatsa, babu sunana, kuma ba ni da abin nunawa. Sai da na sake sabon lissafi daga farko. Idan ba za ka iya zuwa Abuja ba, ka aika ta kamfanin kai saƙo mai bayar da shaidar isarwa, ka adana rasit ɗin.

Daga ranar hatimin, hukuma tana da kwana 7 ta amsa, kuma tana iya ƙara wasu kwanaki da ba su wuce 7 ba idan takardun suna da yawa ko sai ta yi tuntuɓa. Neman kansa kyauta ne. Sashe na 8 ya taƙaita abin da za a caje ka ga kuɗin kwafi da na kwafe rubutu kawai, don haka duk wanda ya nemi "kuɗin bincike" ka ce ya rubuta maka a takarda.

Hattara: dokar FOI ba ta hau kan Hukumar ECOWAS ba duk da cewa hedikwatarta tana Abuja. Tunda yawancin maganar haraji a ƙungiyance ake tattauna ta, ka nemi kwafin da ke hannun ma'aikatar Najeriya.

6. Idan aka ce maka sirri ne

Ka sa rai da wannan amsa, musamman idan ana kan tattaunawa. Sashe na 11 ya ba hukuma damar ƙin bayar da bayanin da zai iya cutar da hulɗar ƙasa da ƙasa ko tsaro, kuma gaskiya ne cewa babu ƙasar da ke baje matsayinta na ƙarshe a faifai tana tsakiyar ciniki, kamar yadda mai sayen bijimi a kara ba ya faɗa wa dillali iyakar kuɗin da ke aljihunsa. Amma wannan uzuri yana da iyaka, kuma dokar ta ba ka makamai huɗu. Sashe na 11 ɗin kansa ya ce ba za a hana ba idan amfanin jama'a ya rinjayi cutarwar da ake tsoro. Sashe na 18 ya ce a cire ɓangaren da ke da sirri a ba ka sauran. Sashe na 28 ya ce buga wa takarda tambarin sirri kaɗai bai isa hujjar hana ta ba. Sashe na 24 kuma ya ɗora wa hukumar nauyin tabbatar da cewa tana da ikon hanawa. Ka mayar da wasiƙa ta biyu kana ambaton waɗannan sassa, ka kuma ja hankalinsu cewa uzurin tattaunawa ya faɗi da zarar an sa hannu.

Dole ne ƙin amincewa ya zo a rubuce da dalilinsa, kuma shiru har wa'adi ya cika ƙi ne a idon doka. Daga nan kana da kwana 30 ka garzaya kotu, kuma tunda hukumomin tarayya ne, Babbar Kotun Tarayya lauyanka zai nufa. Wanda aka samu da laifin hana bayani ba bisa ƙa'ida ba yana fuskantar tarar naira 500,000. Nan ne kuɗi ke fita da gaske, na shigar da ƙara da na lauya da na zirga-zirga, shi ya sa ya kamata ƙungiyoyi su haɗa ƙarfi, ko su tuntuɓi ƙungiyoyin fafutuka irin su SERAP da Media Rights Agenda waɗanda suka saba da irin waɗannan ƙararraki.

Hattara: kwana 30 ɗin nan suna wucewa kana jiran "ka dawo mako mai zuwa". Ka rubuta ranar cikarsu da jan biro tun ranar da wa'adin amsa ya ƙare. Kuma kada ka zauna jiran hukunci, domin ana iya sa hannu a gama kafin a kira ƙararka. Ka wuce mataki na gaba a lokaci guda.

7. Shigar da ƴan majalisa

Ko da yake Kundin Tsarin Mulki bai tilasta a nemi yardar Majalisar Tarayya kafin sa hannu ba, sassa na 88 da 89 sun ba ta ikon bincikar yadda ma'aikatu ke gudanar da aikinsu, da kiran kowane mutum ya ba da shaida ko ya kawo takardu, har da bayar da sammacin kamo wanda ya ƙi zuwa. Takardar da aka hana ka, kwamiti yana iya sa a kawo ta. A 2020 kwamitin yarjejeniyoyi na Majalisar Wakilai, ƙarƙashin Ossai Nicholas Ossai, ya tono sashen sarayar da kariya a wata yarjejeniyar bashi da bankin China, ya kira ministoci ciki har da ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, kuma ta wannan zama ne akasarin ƴan ƙasa suka fara jin akwai irin wannan sashe.

Hanyoyi biyu ne. Ta farko takardar koke, wadda ake rubuta wa Kakakin Majalisar Wakilai ko Shugaban Majalisar Dattawa, amma ɗan majalisa ne ke gabatar da ita a zaure kafin a tura ta kwamitin ƙorafe-ƙorafen jama'a. A rubuta ta cikin ladabi, da sunaye da adireshi da sa hannun masu koke, a kuma ƙare ta da buƙata bayyananna, misali a umarci ma'aikata ta ajiye rubutun da jadawalinsa gaban majalisa, ko a kira zaman jin ra'ayin jama'a kafin tabbatarwa. Ta biyu ita ce ka shawo kan ɗan majalisa ya gabatar da ƙudiri na gaggawa, wanda ya fi sauri. Ka fara da wakilin mazaɓarka ta ofishinsa na gida, ka ba mataimakinsa taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya mai ɗauke da lambar sashe da lambar kaya da yawan mutanen mazaɓar da abin zai shafa. Bayan an tura batun kwamiti, mutumin da ya kamata ka sani shi ne magatakardan kwamitin, domin shi ke tsara ranakun zama da aika gayyata. Ba a biyan ko sisi don gabatar da koke.

Hattara ta farko: ƙa'idojin majalisa suna hana tattauna batun da ke gaban kotu. Idan ka shigar da ƙarar FOI, ka tsare ta a kan samun takardu kawai, koken majalisa kuma ya tsaya a kan abin da yarjejeniyar ta ƙunsa. Ta biyu: matsayar majalisa ba doka ba ce. A watan Yulin 2024 Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da aiwatar da yarjejeniyar Samoa har sai an yi bincike, amma irin wannan matsaya shawara ce ga ɓangaren zartarwa. Amfaninta shi ne ta buɗe ƙofar bincike, kuma sai ka bi ta da ƙafa. Ta uku: kwamiti yana iya fitar da ƴan jarida ya shiga ganawar sirri da minista. Idan haka ta faru, ka matsa a ajiye rahoton kwamitin a zauren majalisa, domin da zarar an ajiye shi ya shiga kundin da kowa ke iya nema.

8. Bibiyar ƙudirin doka da zaman jin ra'ayi

Idan aka kawo ƙudirin mayar da yarjejeniyar dokar gida, zai bi karatu na ɗaya da na biyu, ya tafi kwamiti, a yi zaman jin ra'ayin jama'a, a yi karatu na uku, ɗaya zauren ya amince, sannan a kai wa shugaban ƙasa, wanda ke da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Ka riƙa duba jadawalin zaman kowace rana a shafin Majalisar Tarayya da na cibiyar PLAC, wadda ke wallafa ƙudirori da matakin da suka kai, duka kyauta. Sanarwar zaman jin ra'ayi tana fitowa a manyan jaridu, sau da yawa da gajeren wa'adi, saboda haka ka shirya takardar matsayarka tun ƙudirin yana karatu na biyu. Shafi biyu ko uku sun isa. Ka kawo alƙaluman da mambobinka suka tattara da kansu, kamar yawan ma'aikata da farashin buhu a kasuwar Dawanau, ka kuma rubuta ainihin kalmomin da kake so a saka ko a cire. Ka tanadi kuɗin buga kwafi da yawa, da na mota da masauki na mutum biyu, ɗaya ya yi magana cikin ƴan mintunan da za a ba ku, ɗaya ya rubuta abin da jami'an gwamnati suka faɗa.

Ka san iyakar abin da za a iya a wannan zango. Majalisa ba ta da ikon sauya rubutun da ƙasashe suka riga suka sa wa hannu. Abin da take iyawa shi ne ta tsara dokar gida: ta kafa hanyar kare masana'anta idan kaya suka yi ambaliya, ta wajabta wa minista kawo rahoto duk shekara, ta hana a ƙara wani sabon rataye ba tare da saninta ba. A kan waɗannan za ka kashe mintunanka.

Akwai wata ƙofa da ba a cika lura da ita ba. Idan ƙudirin ya taɓa abin da ba ya cikin jerin ikon tarayya ita kaɗai, sashe na 12(3) ya ce ba zai zama doka ba sai mafi rinjayen majalisun dokokin jihohi sun amince, wato aƙalla 19 cikin 36. Ƙungiyar da ba ta da ƙarfin zirga-zirgar Abuja tana iya yin aikinta a majalisar jiharta.

Hattara: ƙudirin da bai kammala ba yana mutuwa da ƙarewar wa'adin majalisa na shekara huɗu. Majalisa ta goma ta fara a watan Yunin 2023, don haka abin da bai wuce ba kafin Yunin 2027 sai an sake shigar da shi daga karatu na ɗaya, da takardar matsayarka sabuwa.

9. Bayan ta fara aiki

Harajin da ake karɓa a tashar jiragen ruwa ko a kan iyaka ba ya sauyawa sai an buga jadawalin a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati ta hukuma, Ma'aikatar Kuɗi ta fitar da takardar umarni, Hukumar Kwastan ta shigar da shi tsarinta. Ka nemi waɗannan takardu uku, ka gwada lambar kayanka a cikinsu da abin da ka rubuta a mataki na 4, idan ka ga saɓani ka rubuta wa kwamitin da ya saurare ku tare da kwafin shafukan biyu. Sannan ka koma sashen sake dubawa. A AfCFTA, wadda ta fara aiki ranar 30 ga Mayu 2019, ana sake duba yarjejeniyar duk shekara biyar, kuma ƙasa ba ta iya ba da sanarwar ficewa sai bayan shekara biyar da fara aikinta a kanta, ficewar ma sai bayan wasu shekaru biyu take tabbata. Ka lissafa irin waɗannan ranaku na yarjejeniyar da kake bi, ka rubuta su a bangon fayil ɗin, ka kuma miƙa fayil ɗin ga sakataren ƙungiya tare da kwafin duk wasiƙun da ke ɗauke da hatimin karɓa.